Hita Ta Tsaya, Ga Jariri Ga Suruka, Maigida Ya Hana Kiran Mai Gyara

Salamu alaikum, Malam. Daga Kolambus ta jihar Ohayo nake rubuto maka, rubutun ma da safar hannu nake yi. A watan Oktoba maigidana ya cire tsohon tamostat ɗin hitar gidanmu, wato na'urar bango da ke kunna ta da kashe ta gwargwadon zafin ɗaki, ya ɗaura na zamani, irin wanda ake sarrafawa da wayar hannu. Da kansa ya yi aikin. Lafiya lau har sanyi ya kankama. Daga nan sai tamostat ɗin ya riƙa mutuwa cikin dare, fuskarsa ta yi baƙi, hita ta tsaya, mu farka gida kamar firji. Sai maigida ya cire shi ya yi masa caji, ya yi kwana biyu ya sake mutuwa. Shekaranjiya ya ce ya ga yadda ake gyarawa a intanet, ya sauya wa wayoyin wuri. Tun daga lokacin ko motsi hitar ba ta yi. Jego nake yi, jaririna kwanansa 19, surukata kuma ta zo daga gida taya ni. Hajiya ta ce a samo gawayi a hura a kasko yadda ake yi a gida. Shi kuwa ya ƙi kiran mai gyara, wai kuɗin ya yi yawa, kuma ya kusa gano matsalar. In na yi magana sai ya ga kamar na raina shi a gaban mahaifiyarsa. Yaya zan yi?

Mai jego a Ohayo

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Barka da arziki, Allah ya raya mana, ya ba uwa lafiyar shayarwa.

Da maganar gawayi zan fara, don ita kaɗai ce a wasiƙarki ke iya kai mutum lahira kafin asuba. Kada a hura shi. Ko a kasko, ko a murhun gashin nama, ko a gareji da ƙofa rufe. Haka nan kada a kunna oben ɗin gas a bar shi buɗe wai don ɗaki ya ɗumama. Garwashi yana fitar da wata iska da ake kira kabon monoksaid, ba ta da wari, ba ta da launi. Da ciwon kai take farawa, sai jiri, sai tashin zuciya, sai barci mai nauyi, kuma jariri ne kan gaba wajen jikkata. Hajiya ba ta faɗi abin banza ba. Ta taso ta ga ana sa wa mai jego garwashi a ƙarƙashin gadon ƙasa, ta ga kasko a tsakar ɗaki lokacin hunturu. Amma ɗakin gida yana numfashi, iska na shiga ta ƙasan ƙofa da ta rufi, kuma duk da haka a can ma ana rasa mutane idan aka kulle ɗaki da garwashi ko janareta. Gidan Amurka kuwa an toshe shi ciki da bai don kada zafi ya fita, to abin da ya hana zafi fita shi ke hana guba fita. Ki gaya wa Hajiya haka cikin ladabi, ki ce mata ginin nan ne daban. Ko turaren wutan jego ma gara a yi shi da kaskon lantarki. Ki kuma duba ko akwai na'urar da ke ƙara in ta ji wannan iska a kusa da ɗakin kwananku, ki danna maɓallin gwajinta ki ji ta yi kuka.

Kafin a gyara hitar, ku taru a ɗaki ɗaya da ƙaramar hita ta lantarki. A jona ta kai tsaye a soket ɗin bango, ban da doguwar wayar ƙari, a nisanta ta da labule da gado da kaya kamar mita guda, kuma kada a yi barci a bar ta babu mai lura. Waɗanda ke Amurka a Janairun 2022 ba su manta gobarar unguwar Bronx ta birnin New York ba, wadda ta ci mutum 17, akasarinsu 'yan uwanmu na Afirka ta Yamma, kuma daga irin wannan ƙaramar hita ta tashi. Jariri a sa masa kaya bisa kaya, kada a lulluɓe shi da bargo mai nauyi. In gidan ya ƙi ɗumi, ku tafi gidan dangi ko otal ku kwana, babu abin kunya a nan. Kafin ku fita a bar famfuna suna ɗiga kaɗan-kaɗan, don bututun ruwa na iya daskarewa ya fashe.

To, yanzu ga na'urar. Daga yadda kika kwatanta, matsala biyu ce ta hau kan juna. Ta farko ta daɗe tun Oktoba tana jiran sanyi, ta biyu kuwa shekaranjiya aka haife ta.

Akasarin gidajen Ohayo da gas ake ɗumama su, babbar hitar tana ɗakin ƙasa. A cikinta akwai ɗan ƙaramin taransfoma da ke rage wutar gida daga bolt 120 zuwa bolt 24, wannan 'yar wutar ce ke hawowa bango ta siraran wayoyi. Kowace waya da harafinta. R ita ce mai kawo wuta. W tana kunna ɗumi, Y tana kunna esi, G tana kunna fanka. Tsohon tamostat ba komai ba ne illa makunni: ɗaki ya yi sanyi, ya haɗa R da W, hita ta tashi. Ba ya cin komai, ko kuma ɗan batir ya ishe shi shekara. Na zamani kuwa 'yar kwamfuta ce, ga fuska mai haske, ga intanet dare da rana, dole ya ci wuta. Wuta kuma ba ta gudana sai da hanyar zuwa da hanyar komawa, abin da masu gyaran wuta a gida ke cewa layif da nitiral. R ce hanyar zuwa. Hanyar komawa ita ce waya mai harafin C, kuma tsofaffin gidaje da yawa ba a taɓa jona ta ba, don tsohon tamostat bai buƙace ta ba.

In babu C, wasu na'urorin sai su koma satar wuta. Ba ni na raɗa masa suna ba, masu sana'ar ma a can sata suke kiran abin. Na'urar tana tsotsar 'yar wuta ta cikin wayar Y ko W lokacin da ba a aiki da su, kaɗan yadda injin ba zai farga ya tashi ba, ta zuba a batirinta. A Oktoba wannan dabara tana ci, don hita minti kaɗan take yi ta huta. A tsakiyar hunturu kuwa hita kusan kwana take tana aiki, damar tsotson ta ragu. Ƙari a kan haka, injin esi da ke waje wani lokaci yana da makunnin kariya da ke yanke layin Y idan sanyi ya tsananta, ka ga an rufe wa ɓarawo taga ke nan. Batir ya riƙa ja baya, intanet ya fara yankewa, fuska ta ɗauke, daga ƙarshe ya kasa riƙe hitar. Shi ya sa da tsakar dare yake mutuwa, lokacin da sanyi ya fi cizo, shi ya sa kuma caji ke tashinsa kwana biyu. Na'urar ba ta lalace ba, yunwa take ji. Maigidanki da ya je yana neman gyara a wayoyi, wajen da ya dace ya dosa.

Inda ya yi tuntuɓe, a zatona, bai kashe wutar hitar ba kafin ya taɓa su. Bolt 24 ba ta cika jan mutum ba, shi ya sa ake raina ta. Amma da zarar bakin R ya goga wa wata waya da bai kamata ba, ko da ƙiftawar ido ne, fis ɗin da ke kan allon hitar ya ƙone, komai ya mutu. Ni ma na yi. Ina sabon shiga wannan aiki na taɓa ƙona fis biyu a gida ɗaya cikin rabin awa, mai gidan yana tsaye a kaina riƙe da tocila, yana tambayata ko na daɗe a sana'ar.

Ga abin da zai yi yau, da rana tsaka, kada ya jira dare. Ya kashe birekar hitar, ko makunnin da ke jikinta ko kusa da ita, wanda ya yi kama da na fitilar ɗaki. Ya cire murfin ƙasa na hitar, zai ga allo mai wayoyi. A kansa akwai ɗan fis na roba mai ƙafa biyu, irin na mota sak. Yawanci ruwan hoda mai duhu ne an rubuta 3 a kansa, wani lokaci ruwan ƙasa mai lamba 5. Ya zare shi ya ɗaga wa haske. In ɗan ƙarfen da ke ciki ya tsinke, an kama mai laifi. Duk shagon kayan mota ana samunsa, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ya sayi mai lamba ɗaya da wanda ya cire, ya ƙaro biyu na ajiya. Ina roƙonsa da girman Allah kada ya yi irin ta gida, wato a naɗa siririyar waya ko takardar ƙarfe a madadin fis a ce ai wuta ta kawo. Fis ɗin nan ya mutu ne don taransfoma da allo su rayu, su kuwa kuɗinsu ba na wasa ba ne.

Kafin ya mayar da wuta, ya sauke sabon tamostat ya ɗaura tsohon. Na san wannan ne zai fi yi masa ɗaci, amma shi ne gwajin da ya fi kowane gaskiya, kuma shi zai kwana da ku cikin ɗumi. In ya ɗauki hoton wayoyin tun farko, ya bi hoton. In bai ɗauka ba, allon da ke ƙasa shi ne shaida: ya duba wace kala ce ke ɗaure a R, wace ce a W, a Y, a G, ya hau sama ya jera su haka. A al'ada R ja ce, W fara, Y rawaya, G koriya, amma kada ya amince wa kala. Wanda ya ja wayar shekaru talatin da suka wuce abin da ke hannunsa ya sa. Harafin da ke kan allo shi ne abin bi. In tsohon ya riga ya tafi bola, ya sayi mafi araha mai aiki da batir, ko daga baya zai yi amfani a matsayin na ko-ta-kwana. In kuwa tsohon irin mai ɗan kwalba da ruwan zaiba a ciki ne, sai an ɗaura shi a miƙe sambal yake aiki daidai, kuma ba a jefa irinsa a shara.

Sannan ya mayar da murfin hitar ya zauna daram. A bakin murfin akwai ɗan makunni da ke yanke wuta gaba ɗaya in murfin bai danne shi ba. Na taɓa tuƙi kusan awa guda cikin ƙanƙara zuwa wani gida, aikin da na yi duka-duka shi ne na buga murfi da tafin hannu ya ce ƙas, hita ta tashi. Matar gidan ta dubi mijinta, shi kuma ya dubi rufi. In ya kunna wuta, ya leƙa ta ɗan gilashin da ke jikin murfin, zai ga 'yar fitila. In tana ƙyaftawa, ya ƙirga sau nawa, fassarar tana manne a jikin murfin. Ya ɗaga tamostat sama da zafin ɗakin ya ba shi 'yan mintuna.

In sabon fis ya sake ƙonewa nan take, ya tsaya. Akwai inda wayoyi ke haɗuwa a ɓoye, ko taransfoma ya tafi, wannan kuma aikin mai mitar awon wuta ne da ya san hanya. In aka ji warin gas, ba a kunna komai ba a kashe komai, a kwashi jariri a fita, daga waje a kira kamfanin gas ko lambar gaggawa ta 911.

Idan gida ya ɗumama, hankali ya kwanta, sai a koma kan yunwar sabon. Abu na farko, ya jawo igiyar wayoyin daga cikin bango a hankali, kada ta kuɓuce ta faɗa ciki. Sau da yawa igiyar mai waya biyar ce, an yi aiki da huɗu, ta biyar, galibi shuɗiya, an naɗe ta a jikin igiyar an tura cikin rami. Masu aikin da ba sa yanke rarar waya, Allah ya saka musu. In ya same ta, ya sauka ƙasa zai tarar da ɗaya bakin nata a naɗe kusa da allo. Wuta a kashe, ya fere bakin kamar santimita ɗaya, ya ɗaure a C na allon. In ya tarar da wata waya a kan C ɗin ya bar ta, ta injin esi ce, su zauna tare a ƙarƙashin noti ɗaya. A sama kuma ya sa ta a ramin C, bakin a miƙe, babu tsatsa, babu jan ƙarfe a waje da zai taɓa maƙwabciya. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya jona shuɗiyar a sama kawai ya manta da ƙasa, ya zauna yana mamakin abin da ya hana. In yana da mita, ya sa ta a awon wutar AC, wato irin wutar gida, ya auna tsakanin R da C, ya kamata ya ga 24 ko ɗan sama da haka, zuwa 28.

In babu rarar waya, ba a rasa mafita ba. Akwai ɗan akwati da ake ɗaurawa a jikin allon hita ya sa wayoyin da ke akwai su yi aikin C. Kamfanin ecobee yana sako nasa a cikin kwalin wasu tamostat ɗinsa, Google ma yana sayar da nasa don tamostat ɗinsa mai suna Nest. Akwai kuma masu mayar da G ta zama C, sai dai an rasa kunna fanka ita kaɗai, kuma dole a haɗa Y da G a kan allo, in ba haka ba rani ya zo esi ya tashi babu fanka, ya daskare. Ban cika son wannan ga wanda ba sana'arsa ba ce. Jan sabuwar igiya shi ya fi komai tsabta, in tamostat ɗin yana saman ɗakin ƙasa kai tsaye ma ba wuya.

Ba ki faɗi sunan naku ba. Kowane iri yana da inda yake nuna lafiyar wutarsa a cikin saituna. A Nest mai batirin ciki, alal misali, ana son batir ya kai bolt 3.6 zuwa sama, kuma akwai wani awo mai suna Iin da ke nuna 20 ko 40 in babu C, ya koma 100 ko 200 in C ta kama. Lambar E74 kuwa tana nufin wuta ba ta isowa ta wayar Rh, R ɗin ɓangaren hita, sam, wato a sauka ƙasa a duba, laifin ba a bango yake ba.

Tunda zai sauka, ya zaro matatar iskar hitar ya duba. In ta toshe da ƙura, hita tana yin zafi fiye da kima, makunnin kariya ya kashe ta, a wasu injinan har da wutar tamostat yake ɗaukewa, sai a ɗora wa na'ura laifin da ba nata ba. Haka bututun da ke zubar da ruwan hita, irin na zamani masu farin bututun roba. In ya toshe, wani makunnin ya yanke wuta. Ga masu karatu da ke shirin irin wannan aiki kuma: in ka buɗe tamostat ka ga wayoyi masu kauri biyu ko huɗu an murɗe su da hulunan roba, ko an rubuta 120 ko 240, mayar da murfi. Wannan wutar gida ce tsagwaronta, tana kisa, kuma irin na'urar da muke magana ba ta hawa kanta.

Saura maigida. Abin da nake gani, 'yar uwa, ba kuɗin mai gyara ne kaɗai ke damunsa ba. Mahaifiyarsa ta ƙetaro teku ta zo ganin gidan ɗanta a Amurka, ta tarar ana rawar ɗari, kuma da hannunsa ya jawo. Kwana biyu ke nan yana sauka ɗakin ƙasa yana hawowa da wannan nauyi. Duk kalmar da kika faɗa a gaban Hajiya, komai taushinta, a kunnensa shari'a ce. Ki same shi ku biyu, ki miƙa masa wayarki ya karanta wannan amsa da kansa. Ba sai kin ƙara komai ba, tunda ga shi a rubuce cewa inda ya dosa daidai ne, fis ne ya yi masa ƙafar ungulu. Ki ce ke za ki riƙe masa tocila, ko ki karanto masa haruffan yana dubawa.

Amma ku yanke lokaci tun kafin ya ɗauki sukundireba. In an yi la'asar hita ba ta tashi ba, a kira mai gyara, kuma shi zai kira da bakinsa, ya gaya masa akwai jariri ɗan kwana 19 a gidan, don masu wannan aiki suna sa irin wannan gida a gaba. La'asar na ce ba isha ba, saboda kiran dare ya fi tsada. In da gaske aljihu ne ya yi ƙasa, ku kira 211 ku tambayi tallafin ɗumama gida na jiharku. A wannan gaɓar ba na so ki sassauta. Kina iya kare masa mutunci ta kowace hanya, ban da ta kwanan jariri cikin sanyi dare na uku.

Hajiya kuwa kada ki ɗauke ta abokiyar gaba a wannan magana. In ta fahimci abin da garwashi zai yi wa jikanta, ita za ta fara cewa a kira mai gyara, kuma abin da ya ƙi ji daga bakinki, daga nata cikin minti ɗaya zai ji. Ki dai bari ya gwada fis ɗin tukuna. Ki rubuto mini abin da ya gani da ya ɗaga shi wa haske, da kuma ko an sami shuɗiyar waya a bangon.